Baffa a Bikin Mutanen Ailan

Litinin, 18 ga Fabrairu, 1974. Gaya, bayan la'asar.

Yau Likita Hagati, Baturen dabbobi da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya gayyace ni bikin ƙasarsu. Muna dawowa daga Kademi a motarsa, bayan mun baro garken Alhaji Maiwada, sai kawai ya ce, "Malam Haruna, ran sha bakwai ga wata mai kamawa ranar ƙasarmu ce, Ailan. Duk ɗan ƙasarmu da ke nan kusa zai hallara a Kano. Ka zo. Ka zo da Baffa."

Mahaifina yake nufi. Na ce in Allah ya so. Shekaru ina bin bayansa da akwatin allura, ban taɓa tambayar sunan ƙasarsu ba, a zatona duk Bature ɗan Ingila ne. Da na faɗa masa haka sai ya daki sitiyari, ya ce in na sake zai sauke ni in ƙarasa a ƙasa. Ya ce tasu ƙasar tsibiri ce, teku ta kewaye ta, kuma sama tana zubar da ruwa kusan kullum, har mutane sukan yi tsaki in sun ga hadari ya taso.

Tsaki. Don hadari ya taso. Har muka iso Gaya ina juya wannan magana. Allah mai iko, duniya ɗaya, sama ɗaya.

Abin da muka gani a Kademi ba zan rubuta ba. Allura ba ta maganin yunwa.

Laraba, 20 ga Fabrairu, da hantsi.

Ba labarin wana Hamma Badaru.

Asabar, 23 ga Fabrairu. Rugarmu a Ajingi, da azahar.

Jiya bayan masallaci na hawo keke. Tun ina yaro nakan jiyo rugarmu kafin in hango ta: kukan maruƙa, ƙarar ƙore, Inna tana lallashin saniya. Jiya har na jingine keke ban ji komai ba. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai yanzu. Ungulaye ma sun ƙoshi, suna jere a kan gawon da aka sassare wa ganye, ko motsi ba sa yi.

Baffa yana zaune a bakin garke, ya fuskanci turaku, ba ko saniya ɗaya. Ya amsa gaisuwata da hannu. Wuyansa ya yi tsawo.

Inna ta ja ni bayan bukka. "Tun ranar rijiya bai ci abin kirki ba. In na kai masa kunu sai ya ce in ajiye. Kaji ke sha."

Ranar rijiya. Haka ni da Inna muke kiranta. Wana Hamma Badaru ya ce a kora shanun da fari ya bari kudu tun suna iya tafiya, Baffa ya ce ubansa ya ga yunwa a wannan ƙasa bai gudu ba. A bakin rijiyar Gafasa suka yi ta, gaban jama'a. Da asuba Hamma ya kora su, shi da matarsa Hanne. Amma kafin nan Baffa ya riga ya faɗi abin da ya faɗa. Ina wurin. Alƙalamina ba zai maimaita ba. Irin maganar nan ce da uba ba ya jefa wa ɗansa ta faɗi ƙasa banza.

Na gaya wa Baffa gayyatar Likita. Bai juyo ba. Ya ce, "Biki." Shi ke nan.

Talata, 26 ga Fabrairu, bayan magariba.

Na tambayi Likita ko bikin na addininsu ne. Ya ce da safe sukan je cocinsu, wannan ba ruwanmu da shi. Da yamma kuwa ci ne da kiɗa da majigi, za a nuna hotunan ƙasarsu. Na ce to abin sha fa? Ya shafa kai ya ce, "Za a sha. Amma akwai lemo, kuma ni da kaina zan tsaya a kan kwanonku."

Na kai maganar wurin Malam Datti limamin unguwarmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ba shi ne ya zo sunan 'yarka ya zauna a tabarma ya ci tuwo da hannu ba?" Na ce shi ne. Ya ce, "To ka ci halal, ka bar haram, ka yi sallarka a kan lokaci. Kuma ka fitar da tsohon nan daga bakin garken nan, ko da bikin aljanu ne."

Alhamis, 28 ga Fabrairu, bayan la'asar.

Ni da matata Indo mun zauna a kan yadda za a yi tafiyar. Albashina duk a hatsin ruga yake ƙarewa, kuɗin motar fasinja kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Likita zai riga mu tafiya, yana da taro a Kano. Ya miƙo mini kuɗin mota na ƙi karɓa, don in Baffa ya ji an biya masa ya je biki, ko da igiya ba za a ja shi ba.

Na ce zan sayar da keke. Indo ta ajiye tsintsiya ta dube ni. "Malam, ka sayar da ƙafarka? Da me za ka riƙa kai wa Inna gero?"

Ita ta tsara komai. Masauki: zauren kawunta Abdulsalam, tela a Fagge, ba sai an biya ba. Guzuri: garin kwaki da ƙuliƙuli da ɗan sukari a ƙulle. Riga: ta sallar bara, za ta wanke ta kai wa mabugi. Saura mota.

Ta ce, "Ka je Wudil ran kasuwa ka nemi Barau. Ba ya hana mutum hawa."

Na san abin da Barau yake ɗauka a motarsa bana. Ita ma ta sani. Ba wanda ya ambata.

Asabar, 2 ga Maris, da safe.

Ba labari. Rijiyar bayan ofis ta ƙafe.

Talata, 5 ga Maris, bayan magariba.

Aiki ya kai mu Gafasa, Likita ya ce mu ratse ruga. Tun daga nesa ya cire hularsa. Ya tsuguna gaban Baffa yadda ya ga muna yi, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya dubi turakun nan, ya daɗe yana duba. Shi ya yi wa garken allura shekarar cutar bushiya, ya san yawansu. Bai yi jaje ba, kuma na gode masa da bai yi ba.

Ya ce, "Baffa, na sha nononku, na ci tuwonku, na zo sunan jikarka. Ni ba wanda ya taɓa zuwa nawa."

Baffa ya ɗago kai. Rabon da in ga ya dubi idon mutum tun ranar rijiya.

"Ba ka da kowa a nan?"

"Sai ku."

Baffa ya juyo gare ni. Can ya ce, "Zumunta a ƙafa take. Haruna, yaushe ne?"

Inna tana bakin bukka, ta rufe baki da gefen zane. Da yamma ya sha rabin ƙwaryar kunu. Rabi!

Juma'a, 8 ga Maris, bayan la'asar.

Na je kasuwar Wudil. Na sha zuwa karar shanu, amma ban taɓa ganin irin ta yau ba. Shanu iya ganinka, daga nan har bakin kogi, ba mai kuka a cikinsu. Wasu an kawo su a kwance. Mutane daga arewa mai nisa, masu rawani har ido, suna tsaye riƙe da igiya, ba sa ciniki, duk abin da aka taya sai su sallama. Na ga dattijo ya ba da bajimi a kan buhun dawa, ya juya bai waiwaya ba. Na tsaya ina ta salati. Na ji kamar an tara mu ne a nuna mana yadda ranar tsayuwa za ta kasance.

Na sami Barau direba. Ya ce Asabar ta sama zai kwashi kaya daga Gaya zuwa majema a Kano, in zan taya shi lodi ba sai mun ba da ko kwabo ba. "Amma gaba akwai mai kaya, Malam. Ku a sama za ku zauna. Tsohon zai iya?" Na ce zai iya.

Wani falke da ya dawo daga kudu ya ce ya ga Fulanin Ajingi a wajen Kaciya, matashi mai tsage a goshi da mace mai goyon ciki. Sai ya ƙara da cewa can akwai ciyawa, amma akwai ƙudan tsando, shanun arewa sammore yana kayar da su kamar ana shara.

Lahadi, 10 ga Maris, da azahar.

Ban faɗa wa Inna ba. Ban faɗa wa Baffa ba. Hamma yana da tsage a goshi. Mutane da yawa suna da tsage a goshi.

Laraba, 13 ga Maris, bayan la'asar.

Kafin ya tafi Kano Likita ya ce al'adarsu ce kowa ya sa wani abu kore a jikinsa ranar, ko da ɗan ganye ne. Na fito ina dube-dube. Wallahi sai yau na lura: daga ƙofar ofis har gida ba kore. Ƙasa ja, kara fari, itatuwa kamar an ƙone. Indo ta bincike akwatinta kaf, ba ta da koren ƙyalle.

Tana tsaye a tsakar gida sai ta ɗaga kai ta yi dariya. Darbejiyar da ke kanmu! Kullum muna zaune a inuwarta, ɗacinta ya sa ko akuya ba ta kula ta. Ita kaɗai ta ƙi bushewa a unguwar nan. Daga ina take sha?

Inna ta aiko a gaya mini Baffa ya ce ba a zuwa gidan biki hannu sake. Ya so a kai man shanu. Babu. Sai ta ciro ƙwaryarta ta aure, mai zanen nan da ba ta bari a taɓa, ta ce a kai ta haka nan.

Juma'a, 15 ga Maris, bayan magariba.

Baffa ya iso a jakin maƙwabta, da sandarsa da malfarsa. Ya ɗauki jikarsa ya ɗora a cinya. Har yanzu bai sauke ta ba.

Asabar, 16 ga Maris. Fagge, zauren Kawu Abdulsalam, bayan magariba.

Mun iso.

Da sassafe muka yi lodi. Ƙiraga ne, busassu, an jibga su har sun wuce katakon mota. Barau ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa kwasar fata irin ta bana ba, majema har ƙi suke yi. Na shimfiɗa wa Baffa tabarma a sama, muka tura shi ya hau. Wari kam ba a magana. Ina jin kunya kamar in nutse, na kawo ubana biki a kan wannan.

Mun wuce gadar Wudil. Kogin ya zama rairayi, mata suna tona shi da ƙoƙo. Can na ga Baffa ya janye gefen tabarma, yana shafa wani ƙirgi da tafin hannu. Fari ne mai ɗigon baƙi a kafaɗa, da tabon lalas a cinya. Ni ma na gane tabon. Ni na riƙe igiya ranar da aka yi shi.

Ya ce, "Wule ce."

Na ce, "Baffa, shanu suna kama da juna."

Ya ce, "Uwarta ma ni na karɓi haihuwarta." Ya gyara zama, ya bar hannunsa a kanta har Kano. Ba hawaye. Ya dai riƙa motsa baki.

Rabon Baffa da birni tun kafin a haife ni. Da muka shigo, dogayen gidaje da fitilun kan titi da motoci kamar tururuwa, sai ya ce, "Duk waɗannan me suke ci?" Kawu Abdulsalam ya karɓe mu hannu biyu, ya ba Baffa gadonsa.

Lahadi, 17 ga Maris, da hantsi.

Na jiƙa ganyen darbejiya a kofi kada ya yi yaushi.

Litinin, 18 ga Maris, bayan sallar asuba.

Bari in rubuta tun ban manta ba, ko da yake ban ga alamar zan manta ba.

A ƙafa muka tafi bayan la'asar, Kawu ya kwatanta mana. Wani babban gida ne mai shinge a unguwar Turawa. Mai gadi ya dube mu sama da ƙasa, sai ya ga ganye maƙale a rigunanmu, ya yi murmushi ya buɗe.

Muna shiga Baffa ya tsaya cik. Ciyawa. Fili guda, kore shar, an aske ta daidai kamar kan ango, ga wani bututu yana juyawa shi kaɗai yana watsa mata ruwa. Na tambayi mai gadi wace dabba ke ci. Ya ce ba mai ci, ta kallo ce. Baffa ya cire takalmi. Ya durƙusa ya dafa ta da hannu biyu, ya tsinki ɗaya ya sa a baki ya tauna. Ni ban san ko mamaki nake ji ko haushi ba. Duka biyun, ina tsammani.

Likita ya taho da gudu da wata koriyar hula kamar ta 'yan kama, ya riƙe hannun Baffa ya zaga da shi yana cewa, "Ga babana na Ajingi." Turawa, maza da mata, suna miƙo hannu. Baffa ya ba shi ƙwaryar, ya ce, "A cike ya kamata ta zo." Likita ya karɓa da hannu biyu, kunnuwansa suka yi ja wur.

An kawo mana naman rago da dankalin Turawa da kabeji, da lemo mai ƙanƙara. Baffa ya ɗauki ƙanƙarar yana juyawa a tafinsa har ta narke. Ya ci abincin. Ya cinye!

Sai kiɗa. Wani tsoho da goge a ƙarƙashin haɓa, wata da 'yar sarewar ƙarfe. Suka tashi rawa: ƙafafu kamar ana sussuka, hannuwa kuwa a manne da jiki kamar an ɗaure su. Na ciji leɓe kada in yi dariya. Amma da mai sarewar ta busa wata waƙa ita kaɗai, a hankali, wurin ya yi tsit, na ga manyan mutane masu gemu suna share ido. Baffa ya matso kunnena ya ce, "Wannan busar makiyayi ce. Wanda ya yi ta ya rasa wani abu."

Mun yi magariba a gefen ciyawar, sannan aka kunna majigi a jikin bango. Ya Rabbi. Na zaci Likita ƙari yake yi. Tudu kore, kwari kore, har duwatsu sun yi gansakuka. Ruwa yana gangarowa daga kan dutse ba mai tara ko tulu. Ga shanu, baƙi da fari, ba tozo, wasu ba ƙaho, hantsarsu har tana jan ƙasa, suna kwance cikin ciyawa sun gaji da ci. Baffa ya miƙe tsaye bai sani ba, inuwarsa ta rufe hoton, aka yi dariya, bai ji ba. Ya ce da ƙarfi, "Wa ke kiwonsu? Ina makiyayin?"

Wata tsohuwa da ke gefenmu ta amsa masa da Hausa garau. Sista Birjit ake ce mata, ta tsufa a asibitocin ƙasar nan. Ta ce, "Ba sa bukatar makiyayi, Baba, shingen dutse ke tsare su. Ni 'yar masu shanu ce, da tatsa na girma."

Baffa ya zauna ya juya gare ta. Suka shiga hira kamar sun saba: nono nawa saniya ke bayarwa, me ake yi in maraƙi ya zo a juye. Can ya ce, "Baiwar Allah, mai irin wannan ƙasa me ya fito nema a tamu?"

Ta ce, "Koren nan da kake gani ya taɓa cin mutane. Zamanin kakannin kakanninmu dankali ya ruɓe a ƙasa shekara bayan shekara. An tsinci mutane a bakin hanya, bakinsu kore, ciyawa suka ci. Waɗanda suka rage suka shiga jiragen ruwa. Tun daga nan fita ta zame mana jiki. In yaro zai tafi, akan yi masa zama irin na makoki tun yana da rai, don an san da wuya a sake ganinsa."

Baffa ya ce, "Iyayen suna sa musu albarka?"

"Galibi. Ban da namu. Wana ya ce zai tafi, gona ba ta isa ba. Babanmu ya yi fushi, ya gaya masa magana, ya ƙi ko fitowa ƙofa. Daga baya kullum da yamma sai ya je ya tsaya a bakin hanya. Har ya mutu yana zuwa."

"Yaron bai dawo ba?"

"Teku ce a tsakani, Baba. Ba a taka ta da ƙafa."

Baffa bai sake kallon majigin ba. A hanyar komawa Fagge na gaya masa maganar falken Wudil, duka, har sammoren.

Litinin ɗin dai, tashar mota, da azahar.

Na kawo mu wurin da Barau ya ce mu jira shi. Baffa ya wuce ni, ya tari wani ɗan kamasho ya ce, "Yaro, ina motar kudu?"

Na ce, "Baffa, Gaya ta nan take."

Ya ce, "Na san inda Gaya take. Tsakanina da shi akwai teku?"

Na ce babu. Na ce amma ba guzuri, ba kuɗin mota, ga aikina. Ya cire rigarsa ta sama, wadda ya gada wurin ubansa, ya miƙa mini ya ce in kai wa Kawu Abdulsalam ya san yadda zai yi da ita. Kawu ya ƙi karɓar rigar, ya ba mu abin da zai kai mu. Na bar wa Barau saƙo ga Indo da Likita.

Alhamis, 21 ga Maris. Kaciya, bayan la'asar.

Ruga zuwa ruga. Kowa ya ga mai tsage a goshi, kowa ya nuna gabas ko yamma. Baffa yana gaba ina baya, ni ke haki. Itatuwan nan har sun rufe sama, rafi yana gudu a watan Maris. Amma ƙasusuwa a nan ma akwai su.

Juma'a, 22 ga Maris, da magariba.

Ba labari. Ƙafar Baffa ta fashe, ya ɗaure da tsumma.

Asabar, 23 ga Maris, da yamma.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Da hantsi muka gangaro wani rafi. A ƙetare ga 'yan shanu suna sha, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Baffa ya tsaya, ya yi irin kiran da yake yi musu a gida. Wata tsohuwar saniya ta ɗaga kai ta amsa.

Sai ga Hamma ya fito daga cikin duhuwa. Da ƙyar na gane shi, ya zama kamar sandar da ke hannunsa. Da ya ga ko wane ne sai ya yar da sandar, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a inda yake, kansa a ƙasa. Bai taho ba. Ya za a yi ya taho?

Baffa ya shiga ruwan da tsummansa da komai. Yana tsakiyar rafi ya ɗaga murya ya ce, "Badaru!"

Hamma ɗan fari ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunansa a bakin Baffa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan", saboda kunya irin tamu. Hamma ya ɗago kamar an harbe shi.

Baffa ya ƙarasa, ya dafa kansa. Ya ce, "Abin da na faɗa na janye. Allah na janye. Haruna, kai ne shaida. Allah ya yi maka albarka, ya albarkaci abin da ka koro." Hamma yana kuka yana cewa, "Baffa, sun ƙare, na kashe maka su." Baffa ya ce, "Da ka bar su da ko waɗannan babu. Tashi ka nuna mini inda suke kwana."

Hanne tana nan lafiya, wata mai zuwa ake sa ran haihuwarta. Na duba shanun, biyu suna da alamar ciwon, zan roƙi Likita magani in aiko. Baffa ya ce ba zai koma ba sai ruwa ya sauka a gida, tare za su koro su.

Alhamis, 28 ga Maris. Rugarmu a Ajingi, bayan la'asar.

Na sauka Gaya jiya. Likita bai yi faɗa ba, ya ce in ba shi labari gobe, ya haɗa mini maganin. Yau na hawo keke.

Na tarar da Inna tana daka. Ta ga ni kaɗai ne, taɓaryar ta tsaya a sama. Na yi sauri na ce, "Lafiya, Inna, duk lafiya. Mun same su. Baffa yana can tare da su." Na gaya mata na rafi.

Ta ce, "Da bakinsa?"

Na ce, "Da bakinsa, a gabana. Har sunansa ya kira."

Ta jingine taɓaryar a hankali. Ta zauna a ƙasa, nan gindin turmi, ta miƙe ƙafafu kamar yarinya. Ta daɗe a haka.

Can ta ce, "Ya rame?"

Na ce, "Wanne, Inna?"

Ta ce, "Dukansu."

Na ce sun rame.

Ta share fuska da bakin zane, ta tashi ta ɗauki taɓarya. "To kawo sauran geron nan duka. Wa zai kai musu?"

Na ce ni.